Hannun da ya taɓa kuturu

A Dodoru, kamar sauran ƙasar Gwandu, na tashi na iske kuturu da ƙwaryarsa daban, ba mai sa hannu a cikinta. Ba mu muka fara wannan ba. Littafin Firistoci, sura ta 13, ya sa firist ya duba tabon fata, ya killace mai shi kwana bakwai, ya sake dubawa. In ciwon ya tabbata, mutum ya koma bayan zango da zama.

Kirista sun gaji wannan littafi, amma Linjilar Markus ta ce Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, sannan ya tura shi wurin firist. Wato bai zubar da doka ba.

A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Suna wanke gyambo da hannunsu, suna yin allura, ana wa'azi. Sai dai duk a bayan gari aka kafa wuraren, kuma a ganina wannan tsarin firistocin ne sak.