Matan Fada: Sa'a Ɗaya Da Ake Jira Shekara Guda

Duk wanda ya taɓa ganin hoton bikin kamun kifi na Argungu ya san abin da ake nunawa: dubban maza jere a bakin gulbi, kowa da homarsa da gorarsa, a harba bindiga, ƙura ta turnuƙe, su afka ruwa gaba ɗaya. Bayan kimanin sa'a guda an gama. A ɗora giwan ruwa a kan sikeli, a sanar da gwani, baƙi su kama hanyar gida. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne watannin da aka shafe ana hana kowa jefa koma a wannan wuri. Ba don wannan hani ba, da babu kifin da za a yi gasa a kansa. Tarihin bikin tarihi ne na dokar da al'umma ta kafa tsakaninta da gulbinta, wadda sarauta ta zo ta ɗora sulhu a kai, gwamnati kuma ta ɗora yawon buɗe ido.

Gulbi ne ya tsayar da rana

Argungu na bakin gulbin Kabi, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Sakkwato. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato ne suke haɗuwa a kusa da birnin Sakkwato, su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, su faɗa kogin Kwara. Da damina ruwan yakan cika ya malala cikin faffaɗar fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyayi, manoma su shuka shinkafa. Idan rani ya shigo ruwa ya janye, kifin ya tattaru a gurabe masu zurfi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Matan Fada.

Wannan ne dalilin da ya sa ake yin bikin tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris, a bakin bazara. An gama girbi, rumbuna sun cika, hanyoyi sun bushe, ruwa ya ragu har mutum zai iya shiga da homa. Shi ne kuma lokacin da ya fi haɗari ga kifi, domin idan aka bar kowa ya yi yadda ya ga dama, cikin 'yan kwanaki za a yashe gurbin ƙarƙaf, a rasa irin da zai hayayyafa baɗi.

Kabawa sun magance wannan da al'adu irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda suka girmi bikin na yau nesa ba kusa ba. Gyaran ruwa shiri ne na neman lafiyar gulbi da ta masu shigarsa, fashin ruwa kuma shi ne buɗe lokacin su. Kafin a yi shi ba mai taɓa gurbin da aka keɓe. Sarkin Ruwa ne ke riƙe da wannan iko, Homa kuma shi ne shugaban masuntan garin. A bisa imanin mutanen wurin, Sarkin Ruwa ne ke sa kadoji su kauce ranar gasa. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, aikin da al'adar ta yi a fili yake: ta rufe ruwa na wani lokaci, ta buɗe shi ga kowa a rana ɗaya, a idon jama'a. Masana kiwon kifi na zamani ma abin da suke ba da shawara ke nan.

Daga Surame zuwa Argungu

Domin a gane abin da ya faru a 1934, sai an koma baya. A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga daular Songhai ya kafa daular Kabi, da babban birninta a Surame, inda kufan ganuwarsa ke nan har yau. Daga baya sarautar ta koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Wani ɓangare na gidan sarautar bai miƙa wuya ba. Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, ya kafa zango a Argungu ya ci gaba da turjiya har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, da ya samu komawa gida sai ya sake ɗaga tuta a 1849, tare da goyon bayan Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi, waɗanda da yawa daga cikin garuruwansu suna cikin Jamhuriyar Nijar a yau.

Daga nan har zuwan Turawa, Argungu ta zame wa Sakkwato da Gwandu ƙashin kifi a wuya. An taɓa tsagaita wuta a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, abin da ake kira Lafiyar Toga, amma ba ta kai shekara 10 ba. A farkon shekarun 1890 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa garin farmaki, bai ci nasara ba. Da Turawan Ingila suka iso, Sarkin Kabi Sama'ila ya karɓe su, daga Argungu ma wani sashe na rundunarsu ya tasam ma Sakkwato a 1903. Mulkin mallaka ya hana yaƙi, amma bai wanke zukata ba.

A kan wannan tarihi ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu a 1934, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Mai masaukin yana iya tarbar baƙonsa da hawan dawaki, kamar yadda kowace masarauta ke yi. Sai dai doki da mashi su ne kayan da gidajen biyu suka shafe kusan ƙarni suna fuskantar juna da su. Aka zaɓi a nuna masa abin da Kabawa suka fi kowa iyawa, wato aikin ruwa. Aka tara masunta, aka yi gagarumin su domin girmama shi. Daga wannan rana ake ƙirga shekarun bikin na zamani, kuma tun daga nan halartar manyan baƙi ta zama rabin ma'anarsa.

Lokacin da gwamnati ta shigo

Shekaru da dama bikin ya ci gaba a hannun masarauta. Sauyi babba ya zo a 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa, lokacin da Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaban Nijar Diori Hamani. Ƙasar da ta fito daga yaƙi tana bukatar wurin da za ta nuna haɗin kai, biki da aka kafa a kan sulhu kuwa ya dace da wannan bukata. Kuɗin man fetur ya biyo baya. Aka gina masaukin baƙi da rumfunan 'yan kallo, aka ƙara baje kolin amfanin gona, da kokawa da dambe da kaɗe-kaɗe, bikin ya koma na kwana 4. Wasannin ruwa da ake kira Kabanci, wato tseren kwalekwale da nutso da lalube da kamun agwagwar ruwa, suka samu rana tasu. Gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar ma'ajiyar kayan tarihi a 1958, ya zama zangon da baƙo ba ya tsallakewa. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, bikin ya zama tambarin da aka fi sanin jihar da shi.

Girma ya zo da nasa nauyin. Kyauta ta tashi daga abin yabawa ta koma motoci da kujerun Makka da miliyoyin naira, inda kuwa kyauta ta yi tsoka, kwaɗayi ba ya nisa. A 2008 an karɓe kambun daga wanda aka fara sanarwa, bayan da aka gano cewa kifinsa mai kusan kilo 66 ya riga ya mutu kafin gasar. Abu na biyu kuma, bikin da ya dogara da baitulmali yana iya tsayawa duk ranar da gwamnati ta janye hannu. Bayan na 2009 an shafe shekara 10 ba a yi ba, galibi saboda taɓarɓarewar tsaro a Arewa. A cikin wannan hutu ne UNESCO ta sa shi a jerin al'adun gado na duniya a 2016. An dawo da shi a Maris na 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Masu abinci da masu masauki da direbobi da masaƙan koma su suka fi kowa sanin abin da shekarun nan 10 suka ci.

Abin da ya fi tsaro wuyar gyara

Akwai barazanar da ta girmi rashin tsaro. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, a 1984 kuma ta Goronyo a kan gulbin Rima. An gina su ne domin noman rani da samar da ruwan sha, kuma suna yin wannan aiki. Amma madatsa tana riƙe ruwan da a da yake malala cikin fadama, wanda shi ne gidan haihuwar kifi. Idan cikar damina ta ragu, kifi ya ragu, shinkafar fadama ma ta ragu. Haɗa wannan da farin shekarun 1970 da 1980, da yashin da ke cike gadon gulbi. A 2006 sai da aka dakatar da gasar kamun kifin saboda ƙarancin ruwa.

A 'yan shekarun nan kuma noman shinkafa na rani ya bunƙasa a Kebbi, musamman tun bayan shirin lamunin manoma da aka ƙaddamar a jihar a 2015. Alheri ne ga dubban gidaje, sai dai injunan ban ruwa da masunta da makiyaya duk daga fadama ɗaya suke sha. Ikon Sarkin Ruwa yana ƙarewa ne a iyakar gurabensa. Wanda ke buɗe ƙofar madatsa ko ya rufe ta yana can nesa, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, kuma lissafinsa daban ne.

Saboda haka duk mai son ɗorewar bikin Argungu, ya kamata ya fara tambaya daga nan: nawa ake sakin ruwa daga madatsun biyu, a wane wata, kuma wa ake shawarta kafin a saki? Rumfa da fenti da jiragen manyan baƙi ana iya tanadarsu cikin mako biyu. Giwan ruwa mai kilo 70 kuwa sai ya yi shekaru yana girma a cikin ruwa mai zurfi da aka ƙyale shi ya huta. Magabatan Kabawa sun fahimci haka, shi ya sa suka fara da hani kafin su kai ga biki. Tsarin nasu ya tsallake jihadi da mulkin mallaka da yaƙin basasa. Sauran aiki a yau shi ne a faɗaɗa wannan doka ta wuce Matan Fada, ta kai har bakin madatsun da ke riƙe da ruwan gulbin.