Daga Madugu zuwa Ajan: Tarihin Shirya Tafiya a Amarawa da Iyakar Illela

Sana'ar shirya wa mutane tafiya tsohuwa ce a yankin Amarawa, garin da ke ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijar. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa yankin ta shiga Birnin Ƙonni, inda ake rabuwa: wasu su yi arewa zuwa Tawa da Agadas, wasu gabas zuwa Maraɗi, wasu yamma zuwa Yamai. Abin da ya saba fitar da mutanen wurin daga gida shi ne fatauci, zumunci, neman ilimi, cin rani da aikin hajji. Tafiyar hutu zalla baƙuwa ce. Amma kowace irin tafiya ta samu masaninta, wanda jarinsa sanin hanya ne da riƙon amana.

A ƙarni na 19 madugu ne wannan masani. Shi ke tara ayari, ya zaɓi hanya, ya ƙayyade zangon da za a yada kowace rana gwargwadon ruwa da abincin jakuna. Shi ke shiga gaban sarakunan hanya da gaisuwa, ya daidaita kuɗin fito da garama, sannan ya raba wa fatake kowa ya biya rabonsa. Jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana taya shi tafiyar da ayari, malamin ayari kuwa yana duba ranar sa'a, ya yi addu'a, ya riƙe lissafi. Ayarin goro da ke tashi daga ƙasar Sakkwato kan bi ta Jega da Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni. Daga arewa kuma Buzaye ke saukowa da raƙuma ɗauke da gishiri da dabino. A duk garin da aka sauka akwai fatoma, mai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya zama na bashi.

Zuwan Turawa ya sauya irin sanin da ake bukata. Rundunar Faransa ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899, Ingila ta ci Sakkwato a 1903. Yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 suka yi ta gyara layin da ya raba mulkin biyu, aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Dangin da ke noma gonaki maƙwabta suka wayi gari ƙarƙashin gwamnati biyu, kuɗi biyu, da harshen ofis biyu. Daga nan sanin rijiya da makiyaya bai wadatar ba; matafiyi ya bukaci wanda ya san takarda, kwastan da canji.

Da mota ta maye gurbin jaki, tasha ta gaji zango. Ɗan kamasho ya zama mai ba da shawara na yau da kullum: ya san motar da za ta fara cika, direban da ke da hankali, da kuɗin mota na gaskiya. Tun daga 1978 ƙungiyar direbobi ta ƙasa ke tsara layi a tashoshi. Kusa da su akwai 'yan canji masu musayar naira da sefa, da 'yan kabu-kabu masu kai fasinja bakin iyaka. Aikinsu ya fi yawa ranar Lahadi, lokacin da kasuwar Illela ke ci, dabbobi na shigowa daga Nijar, hatsi da kayan masarufi na fita.

Aikin hajji ne ya haifi ajan irin na zamani. A da maniyyaci kan bi ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur zuwa gabar Bahar Maliya, yana aiki a hanya don samun guzuri, wani ya yi shekara da shekaru bai dawo ba. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, dokar 2006 kuma ta samar da hukumar NAHCON, wadda ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisin hajji da umara. Maniyyacin Amarawa yakan biya kuɗin kujera ta jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, ya tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato.

Kamfanin shirya yawon buɗe ido ya samo asali a Ingila, inda Thomas Cook ya fara a 1841. A wannan yanki irin waɗannan ofisoshi sun fi yawa a Sakkwato da Kano, kuma galibin hutun da ake shiryawa yana haɗe da wata bukata: umarar azumi, sayayya a Dubai, ko ganin likita a Masar da Indiya. Ajan kan fara da tambayar abin da mutum ya tanada da ranakun da yake da su, ya duba wa'adin fasfo da katin rigakafin shawara, ya nemi biza, ya yanki tikiti, ya kama masauki. Ladansa kamasho ne. Tun da kuɗi ke gaba da tafiya, damfara na samun ƙofa, shi ya sa masu hankali ke neman ganin lasisi da rasit, su kuma tambayi wanda ya taɓa tafiya ta hannun ajan ɗin.

Halin iyakar kanta ya ƙara wa shawara daraja. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba. Duk da haka Najeriya ta rufe iyakokinta na kan tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Saboda haka mai niyyar tafiya daga Amarawa, ko biki za shi Ƙonni ko umara Makka, yakan fara da tambayar wanda ya san dokar da ke aiki a ranar, da takardar da ake karɓa, da farashin canji.