Bakin Baƙin Rami: Tarihin Haɗuwar Ra'in Kwantam da Lanƙwasar Sarari

A watan Nuwamban 1915 ragowar sojojin Jamus da ke arewacin Kamaru suna maƙale a kan dutsen Mora ƙarƙashin Kyaftin Ernst von Raben, sojojin Ingila da na Faransa sun yi musu ƙawanya. Garwa ta riga ta faɗi tun watan Yuni. A cikin watan Nuwamban nan ne, ranar 25, Albert Einstein ya miƙa wa majalisar masana kimiyya ta Balin lissafin ƙarshe na ra'insa game da nauyi. Mayaƙan Mora sun sauko sun miƙa wuya a Fabrairun 1916, mulkin Jamus a Kamaru ya zama labari. Shi kuwa lissafin yana nan ana aiki da shi har yau.

Abin da Einstein ya zo da shi a taƙaice shi ne, sarari da lokaci abu ɗaya ne saƙaƙƙe, kuma duk wani abu mai nauyi yana lanƙwasa shi, kamar yadda dutsen niƙa zai lotsa zanen da aka ɗaure kusurwoyinsa huɗu. Abin da ake kira faɗuwa, bin wannan lotsawar ce. A nan akwai gyara ga ɗalibi: an saba jin ana fassara wannan ƙarfi da "maganaɗisun ƙasa", alhali maganaɗisu ƙarfe yake ja ya ƙyale itace, shi kuwa nauyi ba ya ƙyale komai, har haske. Lanƙwasar hasken ce ma aka fara gwadawa, kuma a gaɓar Afirka aka yi. Ranar 29 ga Mayun 1919 Arthur Eddington ya kafa na'urorinsa a wata gonar koko da ke tsibirin Principe a Mashigin Gini, yana jiran husufin rana, wata tawagar kuma tana Sobral a Barazil. An wayi gari da ruwan sama. Cikin hotuna 16 da ya ɗauka ta tsakanin gajimare, biyu ne suka yi amfani. Da aka haɗa da na Sobral, aka sanar a Landan ranar 6 ga Nuwamba cewa hasken taurari ya karkace a gefen rana kusan yadda Einstein ya faɗa.

Ɗaya ra'in ya taso ne daga ƙananan abubuwa. A 1900 Max Planck ya nuna cewa makamashi ba ya kwarara kamar mai daga kwalba, ƙidaya gare shi, kamar yadda ciniki a kasuwar Garwa yake tafiya dala-dala, ba a gutsure dala. Wannan ƙwayar ƙidaya ita ce kwantam. Werner Heisenberg a 1925 da Erwin Schrödinger a 1926 suka ba abin lissafi cikakke, Paul Dirac kuma a 1927 ya shimfiɗa shi a kan haske. Daga nan aka sami ra'in kwantam na fage. Fage a nan yana nufin wani abu da ya game ko'ina, ƙwayoyin halitta kuwa, irin su lantarki da haske, kaɗawarsa ce. Wanda ya taɓa tsayawa a kan madatsar Maga, wadda aka gina a 1979 domin noman shinkafar SEMRY, ya ga misalin: tafkin shi ne fage, igiyoyin ruwan da ke gudu a kansa su ne ƙwayoyi. Bambancin kawai, tafki yakan kwanta lumui da asuba, fagen kwantam kuwa ba ya taɓa kwanciya. Ko an kwashe komai an bar wuri wayam, akwai 'yar rawar da ta rage, wadda ƙa'idar Heisenberg ta hana ta gushewa.

Ra'o'in nan biyu kowanne ya ci jarrabawa a fagensa, amma sun ƙi zama inuwa ɗaya. Har yau babu wanda ya samar da cikakken ra'in da ya mayar da shi kansa nauyi abin ƙidaya, aka kuma tabbatar da shi. Sai masana suka bi hanyar tsakiya: a bar sarari da lokaci yadda Einstein ya siffanta su, a lanƙwashe, sannan a tambayi yadda fagen kwantam zai kasance a kansu. Wannan sulhu na wucin gadi shi ne fannin da ake magana a kai, kuma abin da ya haifar ya fi ƙarfin abin da aka zata.

Schrödinger ne ya fara leƙa shi. A 1939, yana gudun hijira a Beljiyam bayan ya tsere daga Ostiriya, ya lissafa yadda kaɗawa za ta kasance a cikin samaniyar da ke buɗewa, sai ya ga alamar cewa buɗewar kaɗai tana iya haifar da ƙwayoyi daga inda babu su. Ya bayyana abin a matsayin mai tayar da hankali, yaƙi ya ɓarke, maganar ta kwanta fiye da shekara 20. Wanda ya tashe ta shi ne Leonard Parker, ɗalibin digiri na uku a Harvard, a kundinsa na 1966 da maƙalun da suka biyo baya a 1968 da 1969. Parker ya nuna dalilin a fili. Idan gindin tafki yana motsi, ruwan da ke kwance dole ya yi igiya. Haka idan sarari yana miƙewa, 'yar rawar nan da ta rage a wuri wayam takan girma ta zama ƙwayoyi na haƙiƙa, bibbiyu. Littattafan da ake rubuta wa jama'a sukan tsallake sunan Parker su faɗa kan Hawking, kuma wannan rashin adalci ne, domin dabarar lissafin da ya shimfiɗa irinta ce aka ɗauka aka kai ga baƙin rami.

Baƙin rami wuri ne da nauyi ya lanƙwasa sarari har ya zama ko haske ba ya iya fita. Tushen lissafinsa na Karl Schwarzschild ne, wanda ya warware shi yana soja a fagen yaƙi a ƙarshen 1915, ya rasu a Mayun 1916. Ramin yana da iyaka, wadda duk abin da ya ƙetare ta ba ya dawowa, kuma Hausa ta yi wa wannan iyaka tanadin suna ba tare da aro ba: bakin rami. Ɗalibin da ke sakaci da lanƙwasar harafi ya lura da kyau, domin tsakanin "baƙin rami" da "bakin rami" ƙugiya ɗaya ce tal, kuma dukkan abin da zai biyo baya a bakin baƙin ramin yake faruwa. Masuncin da ke tuƙa kwalekwale a Binuwai kusa da madatsar Lagdo ya san irin wannan iyaka. Akwai inda gudun ruwa ya fi ƙarfin filafilinsa, babu alama a kan ruwan, babu igiya a gicciye, amma wanda ya wuce nan ya wuce.

A 1971 Stephen Hawking na Jami'ar Kambirij ya tabbatar da cewa faɗin bakin rami ba ya raguwa, sai dai ya ƙaru. Jacob Bekenstein, ɗalibin John Wheeler a Princeton, ya ga kama tsakanin wannan da wata tsohuwar doka ta ilimin zafi, wadda ta ce entirofi, wato ma'aunin hargitsi, shi ma ba ya raguwa. A 1972 ya ce kamar ba ta banza ba ce: faɗin bakin rami shi ne ma'aunin hargitsin da ramin ya haɗiye. Hawking bai ji daɗin wannan ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Duk abin da ke da entirofi yana da zafi, duk mai zafi yana fitar da tururi, shi kuwa baƙin rami an ce ba ya fitar da komai. A maƙalar da ya rubuta tare da James Bardeen da Brandon Carter a 1973 sun nanata cewa kamar ta tsaya a kama kawai.

A cikin 1973 ɗin ne Hawking ya je Mosko, inda Yakov Zeldovich da Alexei Starobinsky suka gamsar da shi cewa rami mai juyawa dole ya fitar da ƙwayoyi. Hanyar lissafinsu ba ta kwanta masa ba, sai ya koma gida ya sake da tasa. Abin da ya fito ya ba shi kunya da mamaki tare: ko ramin ba ya juyawa, yana fitar da tururi, kuma tururin yana da tsari irin na abu mai zafi sak. Ya daɗe yana neman inda ya yi kuskure bai samu ba. Ya gabatar da sakamakon a wani taro kusa da Oxford a Fabrairun 1974, shugaban zaman, John Taylor, ya yi watsi da shi nan take. Mujallar Nature ta buga maƙalar ranar 1 ga Maris. Wanda ya fito don ya kayar da Bekenstein ya ƙare da tabbatar da shi, har ya cike masa adadin da ya rage: entirofin rami rubu'in faɗin bakinsa ne, idan aka auna da ma'aunin Planck.

Bayanin da ya fi yawo shi ne cewa ƙwayoyi tagwaye sukan ɓullo a bakin rami, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya tsere. Hoto ne mai sauƙin riƙewa, shi kansa Hawking ya yi amfani da shi, amma ya gargaɗi masu karatunsa kada su ɗauke shi a zahirinsa. Ainihin abin ya fi haka zurfi, kuma aikin mutum uku ne ya fito da shi: Stephen Fulling a 1973, Paul Davies a 1975, da William Unruh a 1976. Davies ɗin nan, abin sha'awa, yana cikin waɗanda suka fara rubuta raddi ga Hawking tare da Taylor. Abin da suka gano shi ne, kalmar "wayam" ba ta da ma'ana ɗaya ga kowa. Wurin da mai tafiya da gudu ɗaya zai rantse babu komai a cikinsa, mai ƙara gudu zai tarar da shi da ɗumi, cike da ƙwayoyi, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Mai faɗawa rami ba ya ganin komai na musamman a bakinsa, wanda ke nesa kuwa yana ganin tururi. Ɗumin ƙanƙane ne ƙwarai: kafin ya kai digiri ɗaya sai ƙarin gudun ya ninka na faɗuwar abu a doron ƙasa sau biliyan 25, a sake ninka wannan sau biliyan ɗaya.

Ƙanƙantar nan ita ce ta hana a gani da ido. Ramin da ya kai nauyin rana zafinsa kashi 6 ne cikin miliyan 100 na digiri ɗaya a sama da ƙarshen sanyi, alhali ita kanta samaniya tana da ɗumin digiri 2.7 da ya saura tun farkon halitta. Ke nan irin wannan rami a yau abin da yake sha ya fi abin da yake fitarwa. Ko da an bar shi shi kaɗai, shekarun da zai ɗauka kafin ya ƙone ƙurmus adadi ne da ake rubutawa da 1 da sifiri 67 a bayansa, samaniyar kuwa shekarunta biliyan 13.8 ne kacal. Ramin da aka fitar da hotonsa ranar 10 ga Afrilun 2019, mai nauyin rana biliyan 6.5, ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba, domin gwargwadon girman rami gwargwadon sanyinsa.

Duk da haka maganar ba wasan lissafi ba ce, saboda ta taɓa gindin kimiyyar kanta. A 1976 Hawking ya yi tambaya: idan rami ya haɗiye littafi, sannan ya ƙone ya bar tururin da babu rubutu a cikinsa, ina labarin littafin ya tafi? Ra'in kwantam ya ce bayani ba ya ɓacewa, ko an ƙona takarda yana nan a warwatse cikin toka da hayaƙi. Lissafin Hawking ya ce ya ɓace. Dole ɗaya ya sassauta. A 1997 Hawking da Kip Thorne suka yi caca da John Preskill a kan haka, a 2004 a Dublin Hawking ya amsa cewa an cinye shi, Thorne ya ƙi amsawa. Yawancin masana a yau sun karkata ga cewa bayanin yana fita, amma ta wace ƙofa, nan ne ake ta kai ruwa rana.

Inda fannin ya sami shaida mai ƙwari shi ne inda Parker ya faro. A 1981 Viatcheslav Mukhanov da Gennady Chibisov a Mosko suka lissafa cewa idan samaniya ta yi wata buɗewa mai tsananin sauri a farkonta, rawar kwantam za ta miƙe ta zama 'yan bambance-bambancen kauri, waɗanda nauyi zai tattara su zama gungun taurari. A 1992 tauraron ɗan Adam na COBE ya ga irin waɗannan bambance-bambance a ɗumin samaniya, kimanin kashi 1 cikin 100,000, tauraron Planck kuma ya auna su dalla-dalla a 2013, tsarinsu ya zo daidai da hasashen.

Afirka ba ta tsaya a Principe ba. George Ellis na Cape Town shi ne abokin Hawking a babban littafinsu na 1973 kan tsarin sarari da lokaci. Neil Turok, wanda shi ma ya yi aiki da Hawking, ya kafa cibiyar lissafi ta AIMS a Afirka ta Kudu a 2003, Hawking ya je ya yi lacca a can a 2008, shekarar da aka kafa Jami'ar Marwa, kuma a 2013 aka buɗe reshen cibiyar a Limbe.

Misalin masunci da aka kawo a baya kuwa ya wuce misali. A 1981 Unruh ya nuna cewa sauti a cikin ruwan da gudunsa ya zarce gudun sautin yana bin lissafi iri ɗaya da haske a bakin rami. Bayan shekara 30, a 2011, Silke Weinfurtner da abokan aikinta, har da Unruh, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da kwararon ruwa a Vancouver ta Kanada, inda igiyoyin ruwa suka nuna tsarin zafin da ake tsammani. A 2016 Jeff Steinhauer a Haifa ya ba da rahoton ganin makamancin tururin a cikin iskar rubidiyam mai tsananin sanyi. Gwaje-gwajen sun ƙarfafa lissafin, sai dai ruwa ba nauyi ba ne. Hawking ya rasu ranar 14 ga Maris 2018 ba tare da kyautar Nobel ba, an sassaƙa lissafin zafin rami a kan dutsen kabarinsa a Westminster. Fatan da ya rage na gani da ido shi ne ƙananan ramukan da ake zaton sun samu tun farkon halitta, masu nauyin tsauni, waɗanda ya kamata a ce yanzu suke ƙarasa ƙonewa da walƙiya. Na'urar hangen nesa ta Fermi, da aka harba a 2008, tana cikin masu neman wannan walƙiya, kuma har yanzu ba a ga ko ɗaya ba.