Cover Drive: tarihin matasa huɗu 'yan Barbados da suka taso daga YouTube har suka hau saman jadawalin waƙoƙin Birtaniya

A jerin tarihin mawaƙan ƙetare da muke kawo muku, yau mun leƙa yankin Karebiyan. Idan aka ce Barbados, sunan da ke fara zuwa bakin kowa shi ne Rihanna. To amma akwai wata ƙungiya ta mutum huɗu daga wannan tsibirin da ta taɓa riƙe lamba ɗaya a Birtaniya a shekarar 2012, kuma yawancin masu sauraron waƙa na yanzu ko sunanta ba su sani ba. Sunanta Cover Drive.

Su wane ne?

An kafa ƙungiyar a shekarar 2010 a Barbados. Mace ɗaya ce da maza uku. Amanda Reifer ita ce mai rera waƙa, kuma ita ce fuskar ƙungiyar. T-Ray Armstrong shi ke kan ganguna, yana kuma jefa baitocin gambara a wasu waƙoƙin. Barry Hill, wanda ake yi wa laƙabi da Bar-Man, shi ke riƙe da jita da kibod. Sai Jamar Harding mai jitar bes, wato mai kaurin sautin nan da ke bugun ƙirji. Lokacin da suka haɗu duk yara ne matasa, wasunsu ko shekara 20 ba su kai ba.

Abin dariya a tarihinsu shi ne, kafin a yi zancen waƙa, Amanda ce ake bar wa T-Ray ta kula da shi idan iyayensa sun fita, don ta ɗan girme shi. Mahaifiyar T-Ray ɗin, Kerrie, ita ce ta zama manajarsu. Ka ga ke nan harka ce ta cikin gida tun daga tushe, babu wani babban kamfani da ya zauna ya tsara haɗa su kamar yadda ake yi wa wasu ƙungiyoyin a Turai.

Ƙasar da suka fito

Sai ka san ƙanƙantar Barbados za ka gane girman abin da yaran nan suka yi. Faɗin tsibirin gaba ɗaya kusan murabba'in kilomita 430 ne, mutanen cikinsa kuma wajen dubu 280. Ƙaramar hukumar Dala kaɗai a Kano ta fi shi yawan jama'a. Babban birninsu Bridgetown. Sun samu 'yancin kai daga Birtaniya ranar 30 ga Nuwamban 1966, kuma akasarinsu jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne aka kai su gonakin rake. Turanci suke yi, amma da nasu karin harshen da ake kira Bajan, kalmar da ita ce kuma suke kiran kansu da ita.

Wajen kiɗa, tsibirin na tsakiyar manya. Jamaika na da reggae da dancehall, Trinidad na da calypso da soca. Barbados ma tana da nata, irin su spouge da Jackie Opel ya ƙirƙiro a shekarun 1960, ga kuma bikin Crop Over na ƙarshen girbin rake da ake rufewa a Litinin ɗin farko ta watan Agusta, lokacin da mawaƙan soca ke cin kasuwarsu. Matsalar dai ɗaya ce. Kasuwar waƙa a ƙasar ƙarama ce ƙwarai. Shi ya sa duk wanda ya yi suna daga can sai da ya tsallaka teku: Rupee da waƙarsa “Tempted to Touch” a 2004, Rihanna da “Pon de Replay” a 2005, Shontelle da “Impossible” a 2010.

Sunan ma daga filin wasa ya fito

A Barbados wasan kurket kamar ƙwallon ƙafa ne a wajenmu, ko ma ya fi. Sir Garfield Sobers, ɗaya daga cikin gwarzayen ƙasa da gwamnati ta karrama, ɗan kurket ne. Cover drive sunan wani salon bugu ne a wasan, inda mai riƙe da sanda zai tako da ƙafar gaba ya shafo ƙwallon ta bi ƙasa ta ratsa tsakanin masu tsaro. Masana wasan na cewa babu bugun da ya kai shi kyan gani. Wani abin da ya ƙara wa sunan armashi, kalmar farko a cikinsa ita ce kuma Turawa ke amfani da ita idan mawaƙi ya sake rera waƙar wani, kuma da wannan sana'ar ce ƙungiyar ta fara.

Fedora Sessions

Nan ne asalin labarin yake. Ba su da kuɗin sitidiyo mai tsada, ba su da gidan rediyon waje da zai saka su. Sai suka buɗe shafi a YouTube, suka riƙa zama suna ɗaukar bidiyon kansu suna rera fitattun waƙoƙin da ake yayi, suka sa wa jerin suna Fedora Sessions (fedora wata irin malafa ce ta Turawa). Wadda ta fi ja musu hankalin mutane ita ce “Hey, Soul Sister” ta ƙungiyar Train ta Amurka.

Dabarar a nan tana da sauƙin ganewa, kuma har gobe tana aiki. Babu wanda zai shiga YouTube ya rubuta sunan ƙungiyar da bai taɓa ji ba. Amma dubban mutane na neman waƙar da ke tashe a kullum. Idan ka rera ta, mai neman ta asali zai iya yin tuntuɓe da taka. Abin da ya rage shi ne ka ba shi dalilin tsayawa. Su Cover Drive ba kwaikwayo suka yi baki da baki ba, sun ɗauki waƙar Turawa suka zuba mata kiɗan tsibiri, Amanda kuma ta rera da harshenta na gida ba tare da ta maƙale murya ta koma Ba'amurkiya ba. Wanda ya zo don waƙar Train sai ya tafi da sunan wasu yara 'yan Barbados a kansa. Su da kansu suka raɗa wa salon nasu suna Carib-pop, wato pop ɗin Karebiyan.

A ganina wannan shi ne lokacin da suka fi daɗin saurare. Kayan kiɗa kaɗan, murya a fili, ana wasa da dariya. Duk abin da ya biyo baya an fi kashe masa kuɗi, amma wannan sakewar ta ragu.

Ba a daɗe ba kamfanoni suka fara nemansu. Suka sa hannu da Sony a ɓangaren haƙƙin rubutun waƙa, sannan a 2011 suka ƙulla kwantiragin fitar da waƙoƙi da Polydor, wani reshe na Universal da ke Landan. Ga wanda bai san bambancin ba: na farko yana kula da kuɗin da ke shigowa saboda kai ka rubuta waƙar, na biyu kuma shi ke biyan kuɗin ɗauka da talla, shi ke kuma mallakar sautin da aka ɗauka.

Me ya sa Birtaniya, ba Amurka ba?

Amurka ta fi kusa da su, can kuma Rihanna ta nufa. Amma Birtaniya na da abin da ya dace da su. Tun daga 1948 da jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke 'yan Karebiyan a Ingila, jama'arsu suka yi ta ƙaruwa a can, har ya zama kunnen Bature ɗan Landan ya saba da reggae da soca tun yana yaro. Ga bikin Notting Hill da ake yi duk watan Agusta, ga tashoshi irin su BBC Radio 1Xtra da ke saka kiɗan baƙaƙen fata. Sannan kasuwar ba ta kai ta Amurka faɗi ba, waƙa na iya mamaye ƙasar cikin 'yan makonni idan manyan tashoshi biyu ko uku suka riƙe ta.

Shekarar da komai ya buɗe

Ranar 5 ga Agustan 2011 Rihanna ta kawo rangadinta na Loud gida, ta yi wasa a filin kurket na Kensington Oval da ke Bridgetown, kuma Cover Drive na cikin waɗanda suka buɗe mata fage. Ƙungiya mai sunan bugun kurket, a filin kurket mafi daraja a ƙasar, kai abin ya yi daidai.

A ƙarshen wannan watan suka saki waƙarsu ta farko, “Lick Ya Down”, wadda a harshen Bajan ke nufin a buge mutum ya faɗi. J.R. Rotem ne ya haɗa kiɗan, mutumin da ya yi wa Rihanna “SOS” ya kuma yi wa Sean Kingston “Beautiful Girls”. Ta shiga jadawalin Birtaniya a lamba 9.

Sai “Twilight” a watan Janairun 2012. Sun yi ta ne tare da marubuciya Ina Wroldsen 'yar Norway da furodusoshi Quiz & Larossi 'yan Sweden. A makon farko ta haye lamba 1, ta sauke “Domino” ta Jessie J. Mako ɗaya ta yi a saman kafin “Titanium” ta David Guetta da Sia ta karɓe kujerar. Dubi sunayen da ke gabanta da bayanta, za ka san ba a banza ta hau ba.

Akwai abin da ya kamata masu karatu su lura da shi a nan. A wancan lokacin jadawalin Birtaniya ciniki kawai yake ƙirgawa, wato wanda ya sa kuɗinsa ya sauke waƙa a irin su iTunes ko ya sayi faifai. Sai a watan Yulin 2014 aka fara lissafa saurare ta manhajoji irin su Spotify, kallon bidiyo kuwa sai 2018. Ma'ana duk yawan masu kallonsu a YouTube bai ƙara musu maki ko ɗaya ba kai tsaye. YouTube ya kai su ƙofar kamfani ne, ya kuma tara musu masoyan farko. Daga nan rediyo da tallan Polydor suka ɗauka, mutane suka zaro kuɗi suka saya.

“Sparks” ta biyo baya ta tsaya a lamba 4, da kiɗan Steve Mac, wanda daga baya ya yi “Shape of You” da Ed Sheeran. Kundinsu na farko, Bajan Style, ya fito a watan Mayun 2012 ya kai lamba 14. A shekarar dai Far East Movement na Amurka suka gayyace su cikin “Turn Up the Love”, wadda ta kai lamba 13. Waƙa uku a jere cikin goman farko, a ƙasa da shekara ɗaya, daga yaran da shekara biyu baya suke ɗaukar kansu a ɗaki.

Inda tafiyar ta fara sanyi

Waƙa ta huɗu daga kundin, “Explode”, wadda suka yi da Dappy na ƙungiyar N-Dubz, a lamba 29 ta tsaya. Ga mawaƙi mai zaman kansa wannan ba abin kunya ba ne. Ga babban kamfani kuwa da ya saba ganin 9 da 1 da 4, alama ce ta cewa kasuwa ta fara juyawa. Shi ma kundin, lamba 14 ga masu waƙar da ta yi ta ɗaya, yana nuna cewa mutane sun so waƙoƙin fiye da yadda suka damu da masu su. Wannan ciwo ne da ke kama mawaƙan pop da yawa: ana rawa da waƙarka a kulob, amma ba a san fuskarka ba.

Ni dai ina ganin akwai laifin yadda aka sarrafa su. Abin da ya bambanta su shi ne ƙungiya ce mai kaɗa kayan kiɗa da hannu, da ɗanɗanon tsibiri. A cikin kundin sau da yawa kiɗan kwamfuta irin na kowa da kowa ya danne wannan, har ka rasa ina mai ganga yake, ina mai jita. Waƙoƙin sun yi daɗi, babu musu, sai dai da yawansu wata ƙungiyar ma za ta iya rera su.

Daga baya suka rabu da Polydor suka ci gaba da kansu. A 2013 suka saki “Lovesick Riddim”, wadda ta fi karkata ga kiɗan gida. A 2014 suka fitar da ƙaramin kundi mai suna Liming in Limbo. Liming a bakin 'yan Karebiyan shi ne zaman hira da abokai ba tare da wata manufa ba, kamar dai zaman majalisa a bakin titi, limbo kuma halin tsaka-mai-wuya ne, ba gaba ba baya. Sunan kaɗai ya faɗi halin da suke ciki. Kundi na biyu, Fall Forward, ya fito a 2017, bai kuma yi ƙarar da na farko ya yi ba. Bayansa ƙungiyar ta watse, Amanda ta kama waƙa ita kaɗai.

Wanda yake son ya saurare su

Shawarata ka fara da bidiyoyin Fedora Sessions, sannan “Twilight”, sannan “Lovesick Riddim”. A wannan jerin za ka ji su kafin kamfani, da lokacin kamfani, da bayan kamfani. “Sparks” kuma ita ce ta masu son waƙar soyayya mai sanyi.

Amanda bayan Cover Drive

Da yawa sun ɗauka shi ke nan an gama jin ta. Sai ga shi a watan Mayun 2022 Kendrick Lamar ya saki kundinsa Mr. Morale & the Big Steppers, a cikin waƙar “Die Hard” kuma ga sunan Amanda Reifer tare da Blxst. Muryar macen nan mai laushi da ke cikin waƙar, ita ce. Shekara goma bayan “Twilight”. Da yawan waɗanda suka ji ta a nan ba su taɓa sanin ta riƙe lamba ɗaya a Birtaniya ba, sun zaci sabuwar mawaƙiya ce Kendrick ya tono.

Waƙar ta shiga takarar Grammy ta 2023 a rukunin gambara mai haɗe da rerawa. Ba ta ci ba. Wadda ta lashe rukunin ita ce “Wait for U” ta Future da Drake da Tems, wato 'yar Najeriya ce ta sha gaban 'yar Barbados a wannan daren. Kundin Kendrick ɗin dai shi ya tafi da kyautar kundin gambara mafi kyau na shekarar, da muryar Amanda a cikinsa.