Yadda Ake Ƙiyasta Farashin Kwalekwale Na Hannu

Kwalekwale shi ne jarin masunta a madatsar ruwa ta Gubi da ke kusa da birnin Bauchi. Farashin na hannu ya danganta da girmansa, daɗewarsa a ruwa da irin itacensa. Na maɗaci ya fi daraja saboda ƙarko. Kafin ciniki, a saka shi a ruwa da kaya a ciki domin gano yoyo, a kuma ƙwanƙwasa ƙasansa, don ruɓaɓɓen katako ba ya amo. Daga nan a ji kuɗin sabo wurin masassaƙi, a rage na gyara da na tsufa. Araha fiye da kima abar tuhuma ce: tsagar da aka rufe da kwalta ko fenti a tsakiyar ruwa take buɗewa, inda rayuka ke salwanta.