Agustan 2003: Yadda Zafi Ya Tona Asirin Birnin Paris

A shekarar 1936 gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar da ta ba kowane ma'aikaci a Faransa hutun mako biyu tare da albashinsa. Daga baya aka yi ta ƙara hutun har ya kai mako biyar, sai watan Agusta ya zama watan da Paris ke watsewa. Lokacin da manomin Maraɗi ke tsakiyar damina, su a can zafinsu ne ke kan ganiyarsa: kantuna a rufe, likitoci sun tafi bakin teku, ministoci ma haka. Waɗanda ke saura a gari su ne marasa kuɗin tafiya da tsofaffin da ƙafa ta gaza.

Domin waɗannan da ake bari ne magajin garin Paris, Bertrand Delanoë, ya fito da wata dabara a watan Yulin 2002. Ya sa aka rufe titin motoci da ke bin gaɓar kogin Seine, aka zuba yashi, aka jera itatuwa irin na dabino da kujerun kishingiɗa, aka raɗa wa wurin suna Paris Plage, wato bakin tekun Paris. Masu adawa sun yi masa dariya, amma jama'a suka yi tururuwa, yara na wasa, makaɗa na kiɗa, kuma ba a biyan ko sisi. Shekara na zagayowa aka sake shimfiɗa yashin. Ana cikin wannan shagali ne zafi ya sauka a farkon Agustan 2003.

Mutumin Tawa ko na Damagaram da ya ji cewa ma'auni ya tsaya a digiri 39 da rabi zai yi murmushi, tunda a bazara ya saba ganin fiye da haka. To amma gari da gari ba ɗaya ba ne. An gina Paris ne domin a tsare ɗumi a lokacin sanyi. Manyan benayen da aka jera a zamanin Haussmann, tsakanin 1853 da 1870, galibinsu rufin kwano gare su, kuma a ƙarƙashin kwanon akwai ƴan ƙananan ɗakuna da aka yi wa barorin gida, a hawa na shida ko na bakwai, taga ɗaya, sau da yawa ba na'urar hawa sai matakala. Da barori suka ƙare, ɗalibai da talakawa da tsofaffi masu ƙaramin fansho suka gaje su. Ba tsakar gida da za a shimfiɗa tabarma, ba inuwar bedi, ba randa a ƙofar ɗaki. Mafi muni, dare bai kawo sauƙi ba: a ranakun 11 da 12 ga wata ma'auni bai sauka ƙasa da digiri 25 ba har gari ya waye. Jikin tsoho kuwa ba ya jin ƙishirwa da wuri, gumi ya yi masa ƙaranci, idan bai huce da dare ba sai zuciya ta gaji.

Ƴan kwana-kwana da ma'aikatan asibiti ne suka fara ganin abin. Ranar 10 ga Agusta wani likitan sashen gaggawa, Patrick Pelloux, ya fito ya ce mutane na mutuwa kuma hukuma ba ta farga ba. Washegari ministan lafiya, Jean-François Mattei, ya bayyana a talabijin daga gidansa na hutu a kudancin ƙasar, sanye da rigar shan iska, yana kwantar wa jama'a da hankali. Wannan riga ta bi shi har ƙarshen aikinsa. Cikin kwanaki kaɗan ɗakunan ajiye gawa suka cika, aka koma ga motoci masu sanyi, har aka buɗe wani ɗakin sanyi a babbar kasuwar kayan abinci ta Rungis. Babban daraktan lafiya na ƙasa, Lucien Abenhaïm, ya ajiye aiki ranar 18 ga wata. Da cibiyar binciken lafiya ta Inserm ta yi lissafi, ta tarar mutum kusan 14,800 ne suka rasu a faɗin Faransa fiye da yadda aka saba, cikin kwanaki ashirin na farkon Agusta. Mafi yawansu sun haura shekara 75, mata sun fi yawa, kuma a yankin Paris mace-macen sun ninka fiye da sau biyu.

Abin da ya fi girgiza Faransawa shi ne jana'izar ranar 3 ga Satumba a maƙabartar Thiais. Gawa 57 aka binne a ranar, waɗanda ba wanda ya zo ya ce nasa ne. Shugaba Jacques Chirac da magajin gari suka tsaya a matsayin dangi. An yi ta zargin ƴaƴan da suka tafi hutu suka bar iyaye, sai dai wannan zargi bai cika adalci ba, domin da yawa daga cikin mamatan ba su da kowa tun da daɗewa, wasu ma wari ne ya sanar da maƙwabta. Ma'aikatar magajin gari ta iya shirya wa mai ƙafa wurin shan iska, amma ba ta da ko takarda ɗaya mai nuna wane tsoho ke kwance shi kaɗai a saman wane bene.

Gyaran da ya biyo baya ya bi ta nan. A 2004 aka kafa tsarin ƙasa na yaƙi da tsananin zafi, hukumar hasashen yanayi ta shigar da zafi cikin taswirar gargaɗinta mai launi huɗu, kore da rawaya da ruwan lemo da ja. Dokar 30 ga Yunin 2004 ta ɗora wa kowane magajin gari nauyin riƙe rajistar tsofaffi da naƙasassu, domin a riƙa buga masu waya idan zafi ya tsananta, a aika a duba wanda bai amsa ba. An wajabta wa gidajen tsofaffi tanadar ɗaki mai sanyi, aka kuma ƙara wa ma'aikata yini guda na aiki ba lada don tara kuɗin kula da su, abin da ya jawo gunaguni mai yawa. A Paris ana buɗe ɗakuna masu sanyi a ofisoshin gundumomi, ana barin wasu lambuna a buɗe dukan dare. Malamai za su so sanin cewa tun 2018 ake fasa kwaltar filayen wasu makarantu ana dasa itatuwa, don su zama mafakar unguwa.

Da zafi ya dawo a Yulin 2006, masu bincike sun ƙiyasta cewa da an bi sawun da, mutum kamar 6,500 za su rasu. Kimanin 2,000 aka rasa. Rajistar dai tana da rauni babba: sai wanda ya nema, ko aka nema masa, ake rubutawa, alhali wanda ya fi kowa kaɗaici shi ne wanda ba mai nema masa. A nan ƙungiyoyin sa-kai irin su Petits Frères des Pauvres, wadda aka kafa a 1946, ke yin abin da waya ba ta yi, su hau matakala su ƙwanƙwasa ƙofa.

Ranar 25 ga Yulin 2019 ma'auni ya kai digiri 42.6 a Paris. A Yulin 2025 aka sake halatta wanka a kogin Seine bayan haramcin da ya faro tun 1923. Rufin kwanon kuwa yana nan: a Disambar 2024 UNESCO ta sa sana'ar masu yin sa cikin gadon al'adun duniya, kuma har yanzu akwai masu kwana a ƙarƙashinsa.