Daga kaset zuwa saƙon murya: yadda 'yan uwanmu na waje ke kiran gida

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Yau ɗan Kurfi da ke Jidda, ko ɗan Dutsin-Ma da ke karatu a Misira, sai ya kira gida ya share awa guda yana hira, mu ce ai kyauta ne. Ba kyauta ba ne jama'a, mai biya ne kawai ya sauya. Bari mu bi abin tun daga tushe.

2/ Kakanninmu da ƙafa suka riƙa tafiya Makka, ta Borno da Chadi da Sudan, ana shekaru a hanya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru da yawa sun wuce gabas, suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Labarin gida a lokacin sai bakin matafiyi, ko wasiƙar ajami. Wani sai ya shekara da rasuwa kafin danginsa su ji.

3/ Da Turawa suka zo suka kafa turaku suka ja waya. Kalmar da muke amfani da ita yau ke nan, kuma shi ya sa har gobe ake ce wa ofishin aika wasiƙa gidan waya. Amma wasiƙa na buƙatar mai rubutu da mai karatu. Tsohuwa a ƙauye dole ta nemi ɗan makaranta, kun ga sirrinta ya zama na mutum uku.

4/ Abin da ya fara kawo muryar mutum gida da arha, kaset ne. Da jirgin sama ya sauƙaƙa zirga-zirga tsakanin Kano da Jidda, sai mutanenmu da ke zaune can suka riƙa danna rikoda su yi magana, su ba alhaji mai dawowa. A nan ma a taru a cika wani kaset ɗin da amsa, a jira mai tafiya.

5/ A gidanmu na Kurfi akwai irin waɗannan kaset-kaset a akwatin kakata. Gaisuwa kaɗai sai ta ci minti goma, don kowa sai an kira sunansa, wanda aka tsallake kuma ya yi fushi. Sannan a shiga zancen gona, aure, bashi, da wanda ya rasu. Kuɗinsa ba ya wuce na kaset da batir. Tsadarsa jira ce: tambayar da ka yi da damina sai da kaka ka ji amsa.

6/ Wayar tarho fa? A 1985 aka haɗa sashen wayoyin P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka kafa NITEL. Zuwa shekarar 2000, layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 100. Lambar Katsina 065, ta Kano 064, in za ka fita waje sai ka fara da 009.

7/ Manyanmu sun ce ga yadda ake yi. Na waje zai aiko a kaset cewa ran kaza, ƙarfe kaza, zan bugo gidan Alhaji wane. Sai a yi wanka a je a zauna a zaure, wani lokaci sai an shiga mota har birnin Katsina. In layi ya shiga, minti biyar, rabinsu ihun "kana ji na?" In bai shiga ba, a dawo da la'asar hannu rabbana.

8/ Ku lura da lissafin nan. Na waje ya biya kuɗin kira mai tsada. Na gida ya biya kuɗin mota, ya bar aikin yini, ya kuma ɗauki nauyin mai gidan da ya ara masa waya. Tun a lokacin, kira kai biyu gare shi. Mu ne muka saba ƙirga kai ɗaya kawai.

9/ A Janairun 2001 hukumar NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane a kan dala miliyan 285. A Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Layi kawai ya haura naira 20,000, minti ɗaya naira 50, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Sai da Glo ya shigo a 2003 aka fara caji da daƙiƙa.

10/ Sabis bai sauka ko'ina rana ɗaya ba. Manyan birane ya fara, sannan ya bi manyan hanyoyi, ƙauyuka suka zo ƙarshe. Masu hali suna da Thuraya, wadda ke magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye ba ruwanta da turke. Talaka kuma sai gun mai lema a bakin tasha, ya biya a buga masa, ko ya ba da lambar mai lemar a kira shi ta nan.

11/ Alheri ɗaya da tsarin ya zo da shi: amsa kira ba a biyan ko sisi. Nan filashin ya samo asali. Ka buga sau ɗaya ka katse, ɗan uwanka a Jidda ya gane, shi ya kira. Wannan shi ne lokacin da na gida ya fi hutawa a duk tarihin nan. 'Yar Nokia, caji sau ɗaya a kwana uku, shi ke nan.

12/ Su kuma na waje, katin kira suke saye a shago. Ka kankare, ka buga wata lambar cikin gari, ka zuba lambobin sirri, sannan +234. A Ingila kamfanoni irin Lebara, da aka kafa a 2001, da Lycamobile, na 2006, da kasuwar baƙi masu kiran gida suka tashi. Sirrin arhar kati shi ne, ana ɗora murya a kan intanet ta tsallake teku, sai ta iso Najeriya a sauke ta a layin waya.

13/ A Agustan 2003 Skype ya fito, aikin Niklas Zennström ɗan Suwidin da Janus Friis ɗan Denmak, tare da injiniyoyin Estoniya. Kwamfuta zuwa kwamfuta ba ko kwabo. Labari mai daɗi ga na waje. Amma a nan wa ke da kwamfuta da intanet a ɗaki? Sai kafe, ana biyan awa, ga janareto na ruri. Skype ɗin malamai ne da 'yan boko, bai taɓa zama na tsofaffinmu ba.

14/ Abu uku suka haɗu kafin kiran intanet ya shigo zaure. Lasisin 3G a 2007. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, MainOne da Glo-1, da suka fara aiki a 2010, suka karya farashin data. Sai wayoyin Android masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Itel. A Dutsin-Ma kuma jami'ar tarayya ta zo a 2011, ɗalibai suka cika gari, masu sayar da data da masu caji suka samu kasuwa.

15/ WhatsApp ya fito a 2009 da rubutu kawai. Saƙon murya 2013, kira 2015, bidiyo 2016. A ganina 2013 ta fi muhimmanci a wajenmu. Ranar da aka ce danna ka yi magana ka saki, ranar wadda ba ta yi boko ba ta daina neman mai rubuta mata. Kaset ne ya dawo, sai dai yanzu ba ya jiran alhaji.

16/ Halan kun taɓa mamakin me ya sa dangin da ke da mutane a Saudiyya duk suke da IMO? Ƙasar ta daɗe da toshe kiran intanet. A Satumban 2017 ta sassauta wa irin su Skype, amma kiran WhatsApp bai shiga cikin waɗanda aka buɗe ba a lokacin. Dubai ma tana da nata takunkumin, shi ya sa ake jin Botim. Manhajar da ke wayar innarka a Kurfi, dokar wata ƙasa ce ta zaɓa mata.

17/ To ga inda lissafi ya juye. A kiran WhatsApp ko IMO, kowane ɓangare na ƙona datarsa. Na waje yana kan intanet ɗin gida ko na wajen aiki, ba ya ji a jikinsa. Na nan sai ya mallaki babbar waya, ya sa data, ya biya mai caji, sannan ya nemi lungun da sabis ke kamawa. Nauyin da filashin ya sauke mana, "kyauta" ta dawo mana da shi.

18/ Kiran layi daga waje kuma ya ƙara tsada. A Oktoban 2016 NCC ta ɗaga kuɗin sauke kiran ƙasashen waje daga naira 3.90 zuwa 24.40 a minti. Nan wasu suka ƙara ƙaimi wajen satar hanya, suna shigo da kiran ta intanet su sake shi da layin gida. Shi ya sa kawunka zai kira daga Makka ka ga lambar 080.

19/ Sai 2021. A farkon Satumba aka kashe sabis a Zamfara saboda 'yan bindiga. Kwanaki kaɗan bayan haka, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka kashe a ƙananan hukumomi 13 na Katsina. Dutsin-Ma da Kurfi na ciki, tare da Safana, Batsari, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Jibiya da sauransu. Duk manhajojin duniya suka zama hoto.

20/ Ku tuna halin da na waje ya shiga. Yana jin labarin hari a rediyo, ya buga ya buga, shiru. Mu kuma a nan muka koma 1990. Ni da kaina na sha zagaya gida da waya kowa ya yi saƙon murya, in shiga mota in nufi Katsina. Da sabis ya kama, saƙonni su fita, na can su shigo, in dawo a taru a saurara. Mutanen bakin iyaka wajen Jibiya kuma layin Nijar suka koma.

21/ A Disamba aka maido mana da sabis, bayan kusan wata uku. Ana ta muhawara ko matakin ya rage ta'addanci, wannan zancen wata rana ne. Abin da ya shafi zaren nan shi ne, a wata ukun nan ba wanda ya tambayi wace manhaja ta fi arha. Turke ɗaya a bayan gari ya fi su duka daraja.

22/ Kuma ba a nan ta tsaya ba. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin teku suka katse ta wajen Kwaddebuwa, intanet ya yi rauni a Afirka ta Yamma. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. A Mayun 2025 Microsoft ya rufe Skype ɗungurungum.

23/ Don haka yayyenmu da ke waje, in kuna lissafin kira mai arha, ku sa na gida a ciki. In Hajiya ƙaramar waya gare ta, ku sayi mintunan kiran layi, kar ku sa ta aron wayar jika. In ta intanet ne, ku riƙa turo kuɗin data tare da na cefane. In sabis na rawa, murya ta fi bidiyo, saƙon murya ya fi su duka haƙuri. Kuma ku ajiye lambar wani ɗan uwa a birnin Katsina, saboda rana irin ta 2021, Allah Ya kiyaye.

24/ Mu kuma na gida, duk wanda ke da tsofaffin kaset a ɗakin kaka, don Allah kar a bari rana da gara su cinye. A nemi rikoda a kunna, a ɗauka a waya. Akwai sunayen gonaki da na mutane a ciki da ba a rubuta su a ko'ina ba. In gidanku ma an yi zamanin kaset, ku faɗa mana daga wane gari ake aiko muku.